Kamarar mangaza da ke makancewa da dare, da lissafin ɗiyar Alhaji

Wani Alhaji ɗan kasuwa a nan Maraɗi ya aiko da wannan: "Malam, ina da mangaza kusa da babbar kasuwa, tsawonta mita 12, faɗinta mita 5, shinkafa da sukari da man girki nake ajiyewa. Na sa kamara 4. Da rana garau, har rubutun buhu ina karantawa. Da dare kuwa wanda ya zo kusa sai ya yi fari fat kamar fatalwa, can ƙurya kuma baƙi wuluk. Ɗaya ma da an kira magariba take mutuwa, sai gari ya waye ta dawo. Wanda ya sayar mini ya ce in canza zuwa masu megafiksel 8. In saya? Kuma tunda an ce ka taɓa koyar da lissafi a CEG, ga tambaya biyu na ɗiyata da mushe ya ja wa jan biro. Tsani mai mita 5 an jingina shi da bango, gindinsa ya nisanci bangon da mita 1.4, ina kansa ya kai? Ta ce mita 3.6. Lebura 6 sun gama aiki cikin kwana 10, lebura 4 fa? Ta ce kwana 6.67."

Alhaji, barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saya, riƙe kuɗinka tukuna. Yunwar haske ce ke damun kamarorinka, megafiksel kuwa, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, ba ya ƙosar da ita. Wadda ke mutuwa da magariba ma na fi zargin fil ɗinta, wato igiyar da ke kai mata wuta. Abin da ya ba ni dariya a saƙonka shi ne, tambayoyin da ka liƙa a ƙarshe kamar gyara, su ne mabuɗin matsalar mangazar. Kira ɗiyar taka ta zauna kusa da kai, don zan riƙa juyawa tsakaninku.

Idon mutum ba abin dogaro ba ne wajen auna haske, saboda yana sabawa da duk abin da ya samu. Mu da luks muke aunawa. Ranar Afrilu da tsakar azahar a Maraɗi takan kai luks dubu 100. Ofis mai haske sosai, 300 zuwa 500. Farin watan daren 14, wanda yara ke wasan dandali a cikinsa, bai kai ko rabin luks ɗaya ba. Mangaza da aka ja wa ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo kuwa kusan sifili ce. Da duhu ya yi, in ka kasa kunne kusa da kamarar za ka ji ta yi "ƙas". Wani ɗan gilashi ne ta janye daga gaban idonta, sannan ta kunna ƙananan fitilun da ke kewaye da idon, masu ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Haskensu infiraruj ne, galibi na nanomita 850 a ma'aunin tsawon zangon haske, mu kuwa ganinmu ya tsaya wajen 700, shi ya sa kai kake ganin duhu ita tana ganin hoto baƙi da fari. Fitilar ƙarama ce, kuma a jikin kamarar take, wuri ɗaya. Daga nan sai maganar nisa ta shigo.

Ɗiyata, ga tsaninki. Kin cire 1.4 daga 5, kamar an kwantar da tsanin a ƙasa an yanke masa gutsure. Tsanin a karkace yake. Shi da bango da ƙasa sun yi alwatika mai kusurwa tsayayya, tsanin ne gefe mafi tsawo, kuma Pitagor, mai dokar irin wannan alwatika, bai ce a haɗa tsawon gefuna ko a cire su haka nan ba, murabba'insu ake haɗawa, abin da kuke ce wa kare a lakkol, ba mai haushi ba. 5 sau 5, 25. 1.4 sau 1.4, 1.96. Ki cire, saura 23.04. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 23.04? 4.8. Kan tsanin ya kai mita 4.8. Da kin leƙa tsakar gida kin jingina tsanin kara, da idonki ma ya gaya miki: in kika ɗan ja gindinsa baya, kansa kaɗan yake sauka, ba ya zamewa da yawan abin da kika ja.

Yanzu ki yi wa babanki irin wannan. Kamara a kusurwar bakin ƙofa, ana son ta ga kusurwar da ke can ƙurya ta ɗaya gefen. 12 sau 12, 144. 5 sau 5, 25. A nan haɗawa za ki yi, tunda dogon gefen ake nema: 169. Wato mita 13. Ki riƙe wannan lamba.

Ta leburori kuwa, dokar-ukun nan da ake giciyawa a ninka ce ta ja ki rami. Tana aiki ne inda abu biyu ke hawa tare, kamar buhu da kuɗinsa. A nan ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Tun kafin ki ɗauki biro ki tambayi kanki: an sallami mutum biyu daga masu sauke tirela, aikin zai yi sauri ko zai ja? Da kin ga 6.67 ya gaza 10, sai ki san an yi ɓatan kai. Aikin duka shi ne 6 sau 10, yinin lebura 60. A raba wa mutum 4, kwana 15.

Haske da nisa irin wannan dangantaka ce da su, nisa na hawa haske na sauka, sai dai saukarsa ta fi ta leburori muni. Ku kashe wutar ɗaki ku haska tocila a bango daga taku ɗaya, ku ga girman wurin da ta haska. Ku ja baya zuwa taku biyu. Faɗin wurin ya ninka biyu, tsayinsa ma ya ninka biyu, filin ya zama huɗu ke nan, alhali tocilar ba ta ƙara komai ba. Cokali ɗaya na man shanu ne aka shafa wa malmala huɗu maimakon ɗaya. Nisa sau 2, haske kashi ɗaya cikin 4. Nisa sau 3, ɗaya cikin 9. Sau 10, ɗaya cikin 100. Bajamushen nan masanin taurari, Kepler, ya rubuta wannan tun 1604, kuma har yau shi ne abin da masu ɗaura kamara suka fi mantawa.

To, Alhaji, mutum ya shigo ya tsaya mita 2 daga kamara, wani kuma yana ƙurya a mita 13. 13 a raba da 2, 6.5. A ninka shi da kansa, 42.25. Fuskar na kusa tana shan haske fiye da sau 42 a kan na ƙurya. Kamara ba ta iya gamsar da su biyun a hoto ɗaya. In ta buɗe don ƙurya, na kusa ya ƙone ya zama fatalwarka. In ta tsuke don na kusa, ƙurya ta nutse. Rubutun da ke jikin kwali mai cewa tana gani mita 20 ko 30 da dare ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma abin da za ka gani a wannan nisa shi ne wani abu ya gitta. Fuskar da za ka nuna wa jami'an tsaro su gane mai ita, wannan wata magana ce daban. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: infiraruj yana ƙarya game da launi. Baƙar riga takan fito fara sol, gwargwadon rini da zaren da aka yi ta da shi. Sai ka je kana rantsuwa ɓarawon farar riga ya sa.

Shi ya sa a wuri irin naka, rufaffe, ba maƙwabcin da haske zai hana barci, shawarata farin haske ne na ampul, a bar shi kwana kunne, a sa kamarorin su zauna a kan hoto mai launi. Lissafinsa ba wuya. Luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lumen kuwa, wato yawan hasken da ampul ke fitarwa, a jikin kwalinsa ake rubuta shi. Filinka 12 sau 5, murabba'in mita 60. Ni a aikina luks 20 nake nema wa kamara mai sauƙin kuɗi in ana son fuska ta fito da launi. 60 sau 20, lumen 1200. Sai in ninka biyu, domin bangon siminti da rufin kwano da ƙura suna shanye rabi: 2400. Ampul ɗin LED mai wat 9 na kirki yana ba da wajen lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Uku ke nan. Kada wani ya ce maka ka sa babbar fitila ɗaya mai wat 30 a huta, wannan komawa ne ga matsalar 42 ɗin nan. A jera su a tsakiyar rufi, a mita 2, mita 6 da mita 10 daga ƙofa. Da haka ba wani wuri a daɓen da ya nisanci ƙarƙashin ampul da fiye da mita 3.2, ɗiyarka ta tabbatar maka da Pitagor, 2 da 2.5 ne gefunan. A kula su faɗo a saman hanyar da ake bi tsakanin jerin buhuna, don in suka faɗo saman tulin shinkafa, saman buhu za su haska, hanyar ta zauna cikin inuwa. Wat 27 na awa 10 kowane dare bai wuce kilowat-awa 8 da ɗan ɗori ba a wata. In ka shafa wa bangon farar ƙasa, kamar ka ƙara ampul ne kyauta. Amma a kira mai aikin wuta na gaske ya bi da fil cikin bututu, kada a rataya shi tsirara saman buhuna da jarkokin mai.

Akwai wata dabara da ake yaudarar masu saye da ita, kuma ina so ka gwada da kanka. Kamara ƙiftawa take yi, kowane hoto tana buɗe ido na ɗan lokaci ta tara haske. In duhu ya yi, takan tsawaita buɗewar, daga kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa zuwa ɗaya cikin 25, wasu har ɗaya cikin 12 ko ƙasa. Hoton sai ya yi kyau ƙwarai matuƙar ba abin da ke motsi. Buhu ba ya motsi, shi ya sa ake nuna maka buhu. Sa yaron shagonka ya wuce da sauri, sannan ka tsayar da hoton a DVR, akwatin da ke naɗar hotunan, ka duba: fuska ta shafe kamar an goga hannu a kan ɗanyen fenti. Ka sa a shiga menu a ɗaure ƙiftawar a 1/100. Na zaɓi 100 ne saboda kuran ɗinmu mai bugu 50 ne a daƙiƙa, in aka bi 50 ko 100 hoton ba ya rawa a ƙarƙashin ampul. Farashin wannan shi ne, 1/100 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken 1/25 yake tarawa. Ba inda za a samo cikon sai wajen ampul.

Megafiksel 8 ɗin fa? Bayan idon kamara akwai ɗan allo da haske ke sauka a kansa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ka ɗauke shi gona ce ta gado, ɗigogin hoto su ne magada. A ce magada miliyan 2 ne a kamararka ta yanzu, ana so a kai su miliyan 8, gonar kuwa ba ta ƙaru ba. Kowa kashi ɗaya cikin huɗu na rabonsa na da zai samu. Da rana ba komai, haske ya yi yawa har ana zubarwa. Da dare kamarar sai ta ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi da lantarki, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar talabijin da eriyarta ta juya. In wata rana za ka sayi sabuwa, lambobi biyu za ka tambaya kafin megafiksel. Girman allon: 1/1.8 ya fi 1/2.8 girma, duk da lambar ta fi ƙanƙanta. Sai faɗin ƙofar ido, wanda ake rubutawa da F. Nan ma murabba'i ne ke mulki: F1.0 tana shigar da haske sau 4 na F2.0. Irin su ColorVu na Hikvision da Full-color na Dahua a kan wannan suka dogara, babban ido da allo mai jin haske, amma su ma a duhun da ya kai sifili ƴar farar fitila suke kunnawa. Game da gane fuska kuwa, ma'aunin da masu wannan sana'a ke bi a duniya shi ne ɗigo 250 a kowace mita ta faɗin abin da ake kallo. Kamarar megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a kwance. Raba da 250, mita 7.68. Faɗin mangazarka mita 5 ne. Wadda ke kallon ƙofa ta ishe ka har da saura.

Ta waje ita ce mai rigima. Kada fitila ta kasance bayan mutum tana kallon kamara, inuwarsa kawai za ka samu, kamar wanda ya tsaya a bakin zaure da hantsi kana ciki. Fitila ta tsaya ɓangaren kamara, sama da ita kaɗan, ta haska fuskar mai zuwa. Kada kuma a kai kamarar can ƙarƙashin rufi don tsoron masu jifa, mita 2 da rabi zuwa 3 ya isa, in ta wuce haka tarin hotunan huluna da rawuna za ka yi. Sannan ka ba ta tazarar kamar mita ɗaya daga fitilar. Dalili: da damina ƙwari fitila suke bi, gizo-gizo yana bin ƙwari, tsaka tana bin su duka. Zare ɗaya na saƙar gizo a santimita 5 daga ido, in infiraruj ya doke shi, ya fi mutumin da ke mita 5 shan haske sau dubu 10, ɗiyarka ta duba ko na yi kuskure. Hazon hunturu ma haka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ka ga kamar ana sheƙar gero a gaban kamara, ƙurar da ke dab da ido ce ke mayar mata da haskenta. In fitilar tana gefe, yawancin wannan ya kau. Masu murfin gilashi kamar ƙwarya sun fi shan wahala a garin nan, don ƙura na kwanciya a murfin ta yi hazo daga ciki. Tsumma mai laushi duk Juma'a.

Saura mai mutuwa da magariba. Na taɓa canza kamara sau biyu a wani gida a unguwar Zariya kafin in gane wautata. Ta ukun ma da magariba ta ɗauke. Sai na hau tsani da abin awon wuta da rana tsaka, na dafa yatsa a kan ɗan idon da ke gaya wa kamara gari ya yi duhu. Ta yi "ƙas", fitilun suka kama, lambar da ke hannuna ta zube daga 11 da ɗori zuwa ƙasa da 10, hoton ya tafi. Na ɗage yatsa, ya dawo. Da na fere fil ɗin na kankare shi da wuƙa, jan na sama ne kawai, cikinsa fari: alminiyam aka shafa wa jan ƙarfe. Kamara bolt 12 take so. Fil mai kaurin rabin milimita murabba'i, in ya yi mita 40, zuwa da dawowa 80 ke nan, turjiyarsa wajen om 2.8 ce in jan ƙarfe ne zalla. Da rana tana jan wuta kamar amper 0.2, in aka ninka da turjiyar fil ɗin, asarar ba ta fi rabin bolt da kaɗan ba. Da fitilun dare suka kama ta koma jan rabin amper, asarar ta zama bolt 1.4. In alminiyam ne ta haura 2, kamara ta suma. Na ci amanar cewa wadda ke mutuwar ita ce mafi nisa daga akwatin wuta. A sa mata nata caja a kusa da ita, ko a ja mata fil mai kauri na jan ƙarfe.

Duk wannan in akwai kuran ne. Wutar Maraɗi ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka kwana bayan Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Ɓarawo ya fi ka sanin lokacin da unguwa ta yi duhu. A ce kowace kamara wat 6, huɗu 24, DVR 16, ampul 27, jimla 67. Batir mai bolt 12 da amper-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, amma irin na dalma rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, 600. Raba da 67, kusan awa 9 a takarda, a aikace ka ƙirga 7. Ampul ɗin su hau batir tare da kamarorin, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta ka koma gidan jiya.

Ɗiyata, ga nawa aikin gidan. Ampul yana ba da luks 90 a mita 2. Nawa zai bayar a mita 4, nawa a mita 6? Ki rubuta amsarki a kaye tukuna. Sannan ki karɓi salular Alhaji, a saukar da manhajar auna luks, yawancin masu Android suna da ɗan idon da ke yin wannan a saman gilashi. Bayan isha'i a rataya ampul ɗaya a tsakar gida, a kashe sauran, ki auna a mita 2, 4 da 6 da igiyar awo, fuskar salular tana kallon ampul ɗin. Lambar farko ba lallai ta zama 90 ba, kuma bangon gida zai ɗan ƙara wa na nesa. Ki raba ta farko da ta biyu, ki raba ta da ta uku, ki aiko mini da abin da kika samu tare da hoton yaron shago yana wucewa a gaban kamarar ƙofa bayan an sa ampul ɗin.